Darasi: Baƙuwar Kainuwa a Tafkin Nokoué da Dabarun Yaƙi da Ita

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bambance baƙuwar halitta da halitta mai mamaya;
2. bayyana yadda baƙuwar kainuwa da tsirrai irinta ke cutar da kifi da ayu da masu neman abinci a kan ruwa;
3. lissafa saurin yaɗuwarta, da alƙalami ko da ka;
4. faɗin yadda ƙwaro da masana'anta da wayar hannu da tauraron ɗan'adam ke aiki a wannan yaƙi, da inda kowannensu ke gazawa.

Kashi na 1: Baƙuwar halitta da halitta mai mamaya

Ku tuna abin da aka dafa a gidajenku jiya. Masara da rogo da tumatir da barkono da gyaɗa duk asalinsu nahiyar Amurka ne, jiragen ruwa ne suka kawo su gaɓar tekun nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mangwaro kuwa daga wajen Indiya ya zo. Babu mai kuka da su. Inda aka shuka su nan suke tsayawa, mu kuma muna cin moriyarsu.

Amma akwai wani baƙon daban. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai tafi. To, shi wannan ba ya tafiya. Hayayyafa yake yi har ya rufe wuri, ya ƙwace abinci da haske da ruwa, 'yan asalin wurin su rasa inda za su sa kansu.

Me ya sa tsiron da ke zaune lafiya a ƙasarsa yake zama annoba a wata ƙasa? Kowace halitta tana da maƙiya a garinsu: ƙwaron da ke cin ganyenta, tsutsar da ke huda saiwarta, cutar da ke kama ta. Su ne ke taka mata burki. Idan mutum ya ɗauke ta ya tsallaka teku da ita, yawanci ita kaɗai yake ɗaukowa, maƙiyan suna can baya. Ku riƙe wannan bayani da kyau, domin rabin darasinmu a kansa yake.

> AKWATI NA 1
> Baƙuwar halitta: tsiro ko dabba ko ƙwaro da mutane suka kai wurin da ba asalinsa ba, da gangan ko ba da sani ba.
> Halitta mai mamaya: baƙuwar halittar da ta yaɗu da kanta har tana cutar da halittun wurin, ko sana'ar mutane, ko lafiyarsu.
> 'Yar asali: halittar da ta daɗe a wuri tun fil azal, ba wanda ya kawo ta.

*Misali na 1.* Giwan ruwa kifinmu ne. A kogin Kwara da tafkin Chadi ɗan asali ne, kuma ba ya hana sauran kifaye rayuwa. A shekarun 1950 da farkon 1960 aka zuba shi a tafkin Victoria da ke gabashin Afirka don masunta su samu babban kifi. Sun samu. Amma ya far wa ƙananan kifayen tafkin waɗanda ba su taɓa sanin mafarauci irinsa ba, aka rasa nau'i wajen 200. Kifi ɗaya ne, a nan ɗan gida, a can mai mamaya.

A shekarar 2023 wani kwamitin masana na duniya mai suna IPBES ya fitar da ƙidaya: baƙin halittu fiye da 37,000 ne mutane suka yi ta yawo da su, daga ciki fiye da 3,500 suka zama masu mamaya. Asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara, kuma suna da hannu a kashi 60 cikin 100 na halittun da aka san sun ɓace daga doron ƙasa. Tsiron da rahoton ya ce ya fi kowane mai mamaya yaɗuwa a duniya kuwa, ga shi nan a bayan garinmu Kwatano, a tafkin Nokoué.

Kashi na 2: Baƙuwar kainuwa

Duk wanda ya hau gadar da ke kusa da kasuwar Dantokpa a watan Satumba ko Oktoba ya gan ta: kore shar, tana tafe a kan ruwa gungu-gungu, da furanni masu launin shuɗi-shuɗi. Da Faransanci ana ce mata *jacinthe d'eau*, mutanen tafki kuma suna kiranta *tôgblé*. Ta bambanta da kainuwar da muka sani a kududdufai. Ita wannan ganyenta mai kauri ne da santsi, gindin ganyen kumburarre ne cike da iska, shi ke hana ta nitsewa. A darasin nan za mu kira ta baƙuwar kainuwa.

Asalinta yankin kogin Amazon ne a Amurka ta Kudu. Kyawun furenta ne ya sa aka yi ta kai ta ƙasashe don ado. An fara ganinta a ruwayen kudancin Benin a ƙarshen shekarun 1970, kafin ƙarshen shekarun 1980 ta cika kogin Sô da kogin Ouémé. A 1984 ta bi ta ruwan Badagry ta shiga Legas. Tana kogin Kwara har Yamai.

Ɓarnarta hawa-hawa ce. Idan ta rufe fuskar ruwa haske ba ya shiga, tsirran da ke ƙasa su mutu. Iska ba ta gauraya da ruwa, kifi ya rasa numfashi. Kwalekwale ba ya wucewa, kuma a garuruwa irin su Ganvié da Sô-Ava, inda gidaje ke tsaye a kan sanduna cikin ruwa, kwalekwale shi ne ƙafa: da shi ake zuwa kasuwa da makaranta da asibiti. Tana maƙalewa a cikin *akaja*, wato rassan itacen da masunta ke kafawa a tafki don tara kifi. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya kuma sun samu maɓoya.

Tana da rauni guda babba, ba ta jure gishiri. A 1885 aka yanka mashigar da ta haɗa tafkin Nokoué da teku, ita ce wadda ta raba Kwatano gida biyu. Da rani ruwan teku yakan shigo ta nan, tafki ya yi gishiri, kainuwar ta bushe ta mutu. Sai dai mutuwar tata ma wata ɓarna ce, don nitsewa take yi ta ruɓe a ƙasa, ruɓewar ta cinye sauran iskar da kifi ke shaƙa. Idan ruwan arewa ya sauko ta Ouémé da Sô, gishiri ya ja baya, sai ta dawo daga koguna da fadamu inda ta ɓuya. Irinta kan yi shekara 20 a cikin taɓo bai mutu ba. Ƙazantar da ke kwarara daga magudanun gari da takin zamani da ruwa ke wankowa daga gonaki kuwa abinci ne a gare ta.

> AKWATI NA 2
> Oksijin: sashen iskar da mutum da dabba da kifi ke buƙata don numfashi. Kifi yana samun nasa ne narke a cikin ruwa.
> Lokacin ninki: kwanakin da halitta ke ɗauka kafin yawanta ya zama biyun na da. Na baƙuwar kainuwa kimanin mako biyu ne idan ruwa ya yi mata daɗi.

*Misali na 2.* Mu ƙaddara wani masunci ya ga gungun kainuwa a bakin akajarsa, faɗinsa murabba'in mita 10, ya ce bari sai ya samu sarari. Bayan mako 2 ta zama 20. Mako 4, 40. Mako 6, 80. Mako 8, 160. Mako 12, 640. A mako na 20 ta kai 10,240, wato ta haura hekta guda. Aikin da mutum ɗaya zai gama kafin azahar ya koma aikin gayya na kwanaki. Ku lura da wani abu kuma: wanda ke kwashe rabinta duk mako biyu bai rage komai ba, yana nan inda yake.

Kashi na 3: A nemo mata maƙiyinta

Idan rashin maƙiyi ne ya ba ta ƙarfi, to a koma garinsu a ɗauko maƙiyin. Faɗi da sauƙi, yi da wuya, kuma ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ƙwarewa a wannan aiki a duk Afirka yana nan Abomey-Calavi, tafiyar zemijan (babur ɗin haya) ce daga unguwar Fidjrossè. Shi ne reshen Benin na cibiyar binciken noma ta IITA, wadda hedikwatarta ke Ibadan.

Da rogo masanan IITA suka fara yin suna. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya shigo yankin Kwango daga Amurka ta Kudu, ya bazu, a wasu gonaki yana cinye kashi 80 cikin 100 na amfani. Masana suka bi sawunsa har ƙasar Paraguay, suka tarar da wani ɗan mitsitsin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. Aka kiwata shi da yawan gaske, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981. Don a kai shi nesa da sauri har na'ura aka ƙera wadda ke sako shi daga jirgin sama mai tafiya ƙasa-ƙasa. Rogon Afirka ya tsira, Hans Herren da ya jagoranci aikin ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 1995. Da wani farin ƙwaron ya far wa mangwaro a Togo da Benin a shekarun 1980, haka aka yi masa da zanzaro daga Indiya.

Ita baƙuwar kainuwa, ƙwari biyu aka ɗauko mata masu suna *Neochetina*, dangin ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara a rumbu. An sake su a kudancin Benin tsakanin 1991 da 1993. Babban ƙwaron yana gatsar ganye, ya bar ƙananan tabo. Amma tsutsarsa ce ke yin aikin. Macen tana saka ƙwai a cikin kumburarren gindin ganye, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta yi ta haƙa rami tana gangarawa zuwa zuciyar tsiron. Ruwa da cuta su bi ramin su shiga. Tsiron ya tsumbure, ya rage fure, ya rage 'ya'ya, daga bisani ya nitse. Ba a ganin sakamako a wata ɗaya ko biyu, sai an yi shekara uku zuwa biyar.

> AKWATI NA 3
> Yaƙi da halitta ta hanyar halitta: amfani da maƙiyin halitta mai mamaya, kamar ƙwaro ko cuta, don a rage mata ƙarfi.
> Gwajin abinci: killace ƙwaro a ɗakin bincike a ba shi tsirrai iri-iri, a tabbatar ba ya cin komai sai tsiron da ake so ya ci, kafin a sake shi.

Gwajin abincin nan ba abin wasa ba ne. A 1935 aka kai wani ƙaton kwaɗo ƙasar Ostireliya don ya cinye ƙwarin rake, ba tare da irin wannan gwaji ba. Ƙwarin ba su ragu ba, kwaɗon kuwa mai dafi ne, har yau yana kashe macizai da guza da sauran namun dajin da suka kuskura suka haɗiye shi. Ƙwaron kainuwa an gwada shi tun kafin a fara sakinsa a Amurka a 1972, kuma ba ya iya kammala rayuwarsa a kan shinkafa ko masara ko ayaba. Wannan aikin hukuma ne da masana. Ba ya halatta wani ya ɗauko ƙwaro ko kifi daga wata ƙasa ya saki don ya ji an ce yana magani.

*Misali na 3.* A 1999 masana suka zaga ƙauyukan kudancin Benin suna tambayar maza da mata abin da suke samu kafin kainuwa, da lokacin da ta yi tsanani, da bayan zuwan ƙwaro. An buga sakamakon a 2003. Mutane kimanin 200,000 sun yi asarar wajen dala miliyan 84 a shekara lokacin tsananin. Mu raba: 84,000,000 ÷ 200,000 = dala 420 ga kowane mutum. Asarar maza a kamun kifi ta fi yawa, ta mata a cinikin kifi da kayan abinci. Bayan ƙwaro ya kama aiki, samun mutane ya ƙaru da dala miliyan 30.5 a shekara. Kuɗin da aikin ya ci gaba ɗaya kuwa bai wuce dala miliyan 2.09 ba. Da aka lissafa amfanin shekara 20, kowace dala ɗaya da aka kashe ta dawo da 124.

A ganina, cikin duk dabarun da ke wannan darasi babu wadda ta kai wannan. Ba ta shan fetur, ba ta lalacewa a nemi kayan gyara daga Turai, kuma ƙwaro da kansa yake bin kainuwa cikin lungunan da kwalekwale ba ya shiga. Amma ku sake duba alƙaluman. An rasa 84, an dawo da 30.5. Ƙwaro ya rage mata ƙarfi, bai kawar da ita ba, shi ya sa har yanzu kuke ganinta daga kan gada.

Kashi na 4: A mai da ita haja

Tunda kowace shekara sai ta dawo, wasu suka ce a nemi abin yi da ita. A 2014 wani likitan yara, Fohla Mouftaou, da abokin aikinsa David Gnonlonfoun suka kafa kamfanin Green Keeper Africa. Mutanen yankin Sô-Ava, akasarinsu mata, suna kwaso kainuwar su shanya su sayar wa kamfanin. Shi kuma ya niƙa ta ya mai da ita wani abu mai laushi da ke tsotse fetur da gas da baƙin mai idan sun zube. Kumburarren gindin nan mai ramukan iska, wanda ke hana ta nitsewa, shi ne ke shanye man.

A cibiyar Songhaï ta Porto-Novo, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a 1985, ana barin kainuwar ta tsotse dattin ruwan da aka yi amfani da shi, sannan a haɗa ta da kashin dabbobi a rufaffen rami ta ba da gas na girki. Ƙungiyoyi irin su ACED da JEVEV sun koya wa masu lambu a kwarin Ouémé yin taki da ita. A Nijeriya, Achenyo Idachaba ta kafa MitiMeth, inda ake saƙa kwanduna da tabarmi da busasshen karanta. A Kenya wani matashi, Joseph Nguthiru, yana yin ledar renon itatuwa da ita, ledar da ke ruɓewa a ƙasa ta zama taki.

*Misali na 4.* Baƙuwar kainuwa kimanin kashi 95 cikin 100 ruwa ce. Mu ƙaddara wata Hajiya tana son buhu ɗaya na busasshiya mai kilo 50. Ta tambayi mai kwalekwale, "Ɗana, nawa za ka kwaso mini?" Ya ce, "Hajiya, kilo 100 ɗanya kilo 5 kawai take bari. Buhunki sai an kwaso kilo 1,000, tan guda ke nan." Ga lissafin: 50 ÷ 5 = 10, sannan 10 × 100 = 1,000. Idan ta yi hayar mota ta ɗauko ɗanyar zuwa Kwatano, kilo 950 na abin da ta biya wa kuɗin mota ruwa ne. Saboda haka a bakin tafki ake shanya.

Wannan hanya tana da tarko uku. Na farko, kainuwa tana tsotse guba irin su dalma daga ruwa mai datti, don haka wadda aka kwaso a bakin magudanar gari ba ta dace da takin latas ko abincin dabba ba. Na biyu, idan tulin taki bai ɗauki zafi sosai ba, irinta na nan da rai. Na uku ya fi su wuyar magani. Mutumin da abincinsa ya dogara ga kainuwa ba zai so ta ƙare ba, wata rana ma zai iya ɗaukarta ya jefa a tafkin garinsu don ya huta da tafiya mai nisa. Dokar ita ce kada a ɗauke ta da rai daga wani ruwa zuwa wani, ko don sana'a ko don ado a farfajiyar gida.

Kashi na 5: Ido a sama, ido a aljihu

Misali na 2 ya nuna mana cewa wanda ya riga gani shi ke da nasara. Tarayyar Turai tana da taurarin ɗan'adam masu suna Sentinel-2, an harba na farko a 2015. Duk kwana biyar suna ɗaukar hoton wuri ɗaya, kuma hotunan kyauta ne ga mai intanet. Ruwa yana haɗiye wani irin haske da idon mutum ba ya gani, ɗanyen ganye kuma yana mai do shi, don haka kwamfuta tana iya ware kainuwa daga ruwa ta auna faɗinta. Matsalar ita ce gajimare, kuma lokacin da kainuwa ta fi yawa sama ba ta cika washewa ba. A nan ake komawa ga tauraro mai aiki da rada, ko ƙaramin jirgi marar matuƙi da ke tashi ƙarƙashin gajimare.

Irin wannan jirgi ya wuce ɗaukar hoto. A watan Janairun 2019, a wani ƙaramin tsibiri na Galápagos da ke ƙasar Ekwado, da shi aka watsa maganin ɓera, domin ɓerayen da jiragen ruwa suka kawo suna cinye ƙwan tsuntsaye.

> AKWATI NA 4
> Ɗigon hoto: ƙaramin murabba'i mafi ƙanƙanta da hoto ke iya nunawa. A Sentinel-2 ɗigo ɗaya mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi.
> Manhaja: tsarin aiki da ake sakawa a waya ko kwamfuta don ya yi wani aiki na musamman.
> Gargaɗin wuri: sanar da hukuma da maƙwabta tun annoba tana ƙarama.

*Misali na 5.* Ɗigo ɗaya 10 × 10 ne, wato murabba'in mita 100. Gungun masuncin nan na misali na 2 ya fara da 10. Bai cika ɗigo ɗaya ba sai a mako na 8, lokacin da ya kai 160. Masuncin ya riga tauraro gani da wata biyu. Abin da ya rage shi ne ya samu wanda zai gaya wa, kuma a nan waya ke shigowa.

A farkon 2016 wata baƙuwar tsutsa daga nahiyar Amurka ta ɓulla a gonakin masara na Nijeriya da Benin da Togo. Georg Goergen na IITA a nan Benin yana cikin waɗanda suka tabbatar da ko wace ce. Cikin shekara biyu ta game yawancin Afirka. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da manhajar FAMEWS don manoma da malaman gona su riƙa aika ƙidaya. Wata manhajar mai suna Nuru tana duba ganye ta kyamarar waya ta faɗi abin da ke damunsa, ko babu intanet.

*Misali na 6.* Wani mai lambu a Houéyiho, nan kusa da filin jirgin sama, ya shuka masara. Ba a duba kowane tsiro. Yakan ratsa gonar a karkace, ya tsaya wuri 5, a kowane wuri ya buɗe zuciyar tsiro 10. Jimla 50. Ya samu tsutsa ko sabon kashinta a 12. Lissafi: 12 ÷ 50 × 100 = kashi 24 cikin 100. Wannan lamba ce zai kai wa malamin gona, kuma mako mai zuwa zai sake ƙirgawa ya ga ko ta hau ko ta sauka. Feshi kafin ƙirga asarar kuɗi ne, ga shi yana kashe ƙananan zanzaron da ke taya shi yaƙi.

Kashi na 6: Ayu da kunkurun teku

Tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nokoué da ƙasan kwarin Ouémé cikin jerin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye. Ruwan da ke bin gaɓar teku ta wajen Togbin, yamma da Fidjrossè, shi ma yana cikin wani yankin na Ramsar. A kwarin Ouémé akwai ayu, dabbar ruwa mai shayar da 'ya'yanta nono, wadda ciyawa ce mafi yawan abincinta. Yawanta yana raguwa, kuma tun 2013 aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe. Zamanta a ruwan na cikin dalilan da suka sa feshin maganin ciyawa a kan tafki ba dabara ba ce, ban da cewa ruwan nan shi mutane ke wanka da shi, kifinsa kuma shi muke saya.

Abin da ya faru a tafkin Ossa na ƙasar Kamaru ya haɗa kusan duk abin da muka koya. Wani baƙon tsiro mai suna *Salvinia*, shi ma ɗan Amurka ta Kudu, ya rufe kusan rabin tafkin, ciyawar da ayu ke ci ta mutu, ayu suka yi ƙaura. Aristide Takoukam Kamla da ƙungiyarsa ta AMMCO suka kawo ƙwaron da ke cin wannan tsiro kaɗai, suka gwada shi, suka fara sakinsa a 2021. Ruwa ya sake buɗewa, aka koma ganin ayu. Sun kuma bai wa masunta manhaja mai suna Siren: duk wanda ya ga ayu ko kunkurun teku ya ɗauki hoto, wayar ta haɗa da wurin da ranar.

A gaɓar tekun Benin kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa rairayi su saka ƙwai. Ƙungiyar Nature Tropicale ta daɗe tana aiki da mazauna gaɓar: a kwashe ƙwan da ke cikin haɗari a binne a killataccen wuri, idan sun ƙyanƙyashe a sake su cikin teku. Wanda ya ga sawun kunkuru a rairayin Fidjrossè da asuba, masu wannan aiki zai sanar, kada ya tona.

'Yan'uwanmu da suka fito daga Haɗeja ko Nguru suna da nasu labarin. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsayen jan-baki suka samu wurin kwana. A kwarin kogin Senegal, inda irin wannan ciyawa ta addabi mutane, gawayi ake yi da ita.

Tambayoyin bita

1. Kawo baƙin tsirrai uku da muke ci waɗanda ba masu mamaya ba ne. Me ya raba su da baƙuwar kainuwa?
2. Me ya sa giwan ruwa bai zama annoba a kogin Kwara ba, amma ya zama a tafkin Victoria?
3. Bayyana abin da ke faruwa ga kainuwa da kifi idan ruwan teku ya shiga tafkin Nokoué da rani.
4. Gungun kainuwa murabba'in mita 25 ne yau. Nawa zai kai bayan mako 10, idan yana ninkawa duk mako biyu?
5. Tsakanin babban ƙwaron *Neochetina* da tsutsarsa, wanne ya fi yi wa kainuwa illa? Ta yaya?
6. Mene ne gwajin abinci? Me ya faru a Ostireliya da ba a yi shi ba?
7. Ƙungiyar mata tana son busasshiyar kainuwa kilo 200. Kilo nawa na ɗanya za su kwaso?
8. Manomi ya duba tsiron masara 50, ya samu tsutsa a 17. Kashi nawa ne cikin 100?
9. Maƙwabcinka ya kawo kainuwa mai fure daga Ganvié ya saka a randa don ado. Me za ka ce masa, kuma yaya za a yi da tsiron?
10. Ku tattauna a rukuni: idan sana'ar kainuwa ta bunƙasa har gidaje da yawa suka dogara gare ta, shin a ci gaba da sakin ƙwaro? Kowane rukuni ya kawo hujja biyu.

Aikin gida: Nemi dattijo ko dattijuwa mai sana'ar kifi, a unguwarku ko a kasuwa, ka tambaya a waɗanne watanni kifin tafki ke tsada, a waɗanne yake araha. Rubuta amsar, ka kwatanta ta da watannin da kainuwa ke rufe ruwa, ka kawo aji.